Ku Tambaya Mu Amsa: Yawo da Babur Ta Hanyoyin Karkarar Bauchi da Gombe

Tun da damina ta ɗauke, yawancin saƙonnin da ke shigo wa wannan fili daga masu babura suke, waɗanda ke son barin babban titi su bi ta ƙauyuka da duwatsu don kashe kwarkwatar ido. Mun taƙaita tambayoyin da suka yi tsawo, waɗanda suka zo iri ɗaya kuma mun haɗe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina da Boxer, kuma na samu hutun kwana uku. So nake in ga Dass, in leƙa Yankari, in hau Tula, in biya Dadin Kowa in dawo gida. Taswirar waya ta nuna min zai yiwu. Ya kuka gani? Daga wani mai karatu a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, tafiya uku ka haɗa ka sa mata suna ɗaya. Wayar da gudun mota a kan kwalta take yi maka lissafi. Babur mai injin 100cc ɗauke da kaya, in kwaltar mai kyau ce, kilomita 50 zuwa 60 zai ba ka a awa. Da ka sauka burji lissafin zai koma 25 zuwa 30, in kuwa yashi ne ko gargada, ka samu 15 ma sai godiya. Ka ƙara da lokacin salla, cin abinci, tambayar hanya, da faci guda wanda ya kamata ka sa a ranka zai faru. Saboda haka wunin da ya haɗa kwalta da burji kada ya wuce kilomita 150, in ya yi yawa 180, kuma ka tsara yadda la'asar za ta same ka a garin da za ka kwana. Abin da ke tsakanin la'asar da magariba ajiya ce domin ranar da wani abu ya lalace.

In wannan ne fitarka ta farko, ka fara da Dass. Ka fita ta Gwallameji, cikin awa guda ko makamancin haka Dutsen Mbula zai tsaya a gabanka, ta nan kuma ake wucewa Tafawa Balewa da Bogoro. Ƙananan hanyoyin da ke ratsa tsakanin duwatsun yankin sun isa su cika maka wuni, ka kwana a gidanka. Wata fitar ta wuni guda ita ce ka bi hanyar Ningi har Kafin Madaki, inda gidan Madaki yake, ginin ƙasa na Babban Gwani Muhammadu Durugu tun ƙarni na 19.

In kuwa kwana ukun kake so ka cinye, ka yi zagaye. Rana ta farko ka bi Soro zuwa Darazo, ka karya gabas ta Gombe Abba, tsohuwar hedikwatar masarautar Buba Yero a bakin kogin Gongola, ka kwana a Dukku, amma ka nemi mai masauki tun kana gida. Rana ta biyu ka shiga Gombe, garin da fadar ta koma a 1919, ka wuce Dadin Kowa ka dawo ka kwana. Rana ta uku ba makawa sai babban titi, ta Alkaleri da Dindima, kimanin kilomita 150, don haka ka yi sammako. Tula kuwa tafiyarta daban, daga Gombe ake shirya ta.

Halin da hanya ke ciki ba ya cikin waya. Yana wurin ɗan acaɓar da ya bi ta jiya. A kowace mararraba ka tsaya inda suke taruwa, ka yi sallama, sannan ka tambaya. Kuma ka iya tambayar. In ka ce "Wannan ce hanyar gari kaza?" mutum zai ce maka e don kada ya kunyata baƙo. Ka ce "Ina wannan hanyar ta nufa?" sannan "Wane gari zan fara tararwa? Akwai rafi? Gadar tana nan?" In aka ce maka "nan kusa ne", ka tambayi nawa ɗan acaɓa ke karɓa zuwa can, kuɗin zai faɗa maka nisan. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana da sabis, ka ɗauki hoton sassan da za ka bi, sannan ka rubuta sunayen ƙauyukan bi da bi a takarda, domin caji kan ƙare.

Tambaya: Wane wata ne ya fi dacewa da irin wannan fita? Daga wani ɗalibi a Kashere.

Amsa: Nuwamba zuwa farkon Disamba. Rafuka sun janye, ƙasa ta kama, yashi bai gama sakewa ba, sararin sama kuma tas. Daga ƙarshen Disamba hazo kan rufe duwatsun da ka fito gani, sanyin asuba kuma yana sandarar da yatsu har ka kasa matsa birki da kyau, don haka a lokacin hunturu ka bari hantsi ya ɗaga, ka sa safar hannu. Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, injin babur kuwa iska ce ke sanyaya shi. In dole sai a lokacin, ka tashi bayan asuba, ka huta wa injin minti 15 bayan kowace awa, ka nemi inuwa daga azahar, kowane mutum kuma ya riƙe ruwan sha aƙalla lita 4. Agusta da Satumba ka haƙura da burji. Baƙar lakar kudancin Gombe tana cushewa tsakanin taya da marufinta har tayar ta daina juyawa.

Lokacin kaka ma yana da nasa tarkon. Mutane kan yi shanyar masara, shinkafa da barkono a gefen kwalta, wasu su jera duwatsu don kare shanyar. Hatsi a ƙarƙashin taya santsi ne, dutsen kuma ba ka ganinsa sai ka fito daga kwana.

Tambaya: Me zan sa bakanike ya duba min, kuma waɗanne kayan gyara zan riƙe? Babur ɗina ya shekara biyu, aikin cikin gari kawai yake yi. Daga wani tela a Azare.

Amsa: Ka kai shi mako guda kafin tafiyar, ba ana gobe tafiya ba, domin notin da aka manta ba a ɗaure ba ya nuna kansa kana cikin gari.

A juye baƙin mai a zuba sabo, 20W-50, kimanin lita guda, kada ya haura alamar sama a sandar awo. Ka riƙe rabin lita a kaya. A sa sabon fulogi, ka sayi wani ka ajiye. In aka cire tsohon ka dubi bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙi wuluk kuwa yana nufin injin ba ya samun isasshiyar iska. A nan ne maganar soson da ke tace iska ta shigo, kuma a hanyar ƙura babu abin da ya kai shi muhimmanci. In na soso ne, a wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba tare da an murɗe ba, in ya bushe a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. In na takarda ne ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi ko a sauya. Kada ka yarda da mai ce maka a cire shi gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu. Ƙurar da za ta shiga ita ce za ta cinye maka fistin.

Cen ka taɓa shi da yatsa a tsakiyarsa, ya yi wasa sama da ƙasa santimita 2 zuwa 3. In ya yi tauri, duk lokacin da baya ya faɗa rami jan sa ake yi har ya tsinke. In ya yi sako-sako zai yi tsalle ya sauka. Haƙoran da yake hawa in sun yi tsini sun karkata gefe guda, a sauya su tare da cen ɗin baki ɗaya, don sabon cen a kan tsofaffin haƙora ba ya daɗewa. Ka riƙe mahaɗin cen guda, kuma in za ka sa shi, rufaffen bakin maƙallin ne ke fuskantar inda cen ke tafiya. Mai kaɗan za ka riƙa shafa masa ka goge saura, domin mai da yashi in suka haɗu gurzar ƙarfe suke yi.

Iskar taya ga yawancin irin waɗannan babura, a ma'aunin PSI, 25 ce a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo ko kaya, a auna da geji taya na da sanyi. Masu faci da yawa da yatsa suke aunawa, su ɗura har ta wuce 40, babur ya riƙa tsalle a gargada yana ƙin kama ƙasa. Ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya ka ƙwanƙwasa da sifana. Wanda bai yi ƙara irin ta sauran ba ya saki, a ɗaure shi, don sakakken sifok yana huda tiyub ta ciki. A buɗe birki gaba da baya a duba takalminsa. Wayar kulochi ka sayi sabuwa, ka sa a ɗaure ta jere da tsohuwar tun yanzu, in ta tsinke a daji bakin biyu kawai za ka maƙala.

Abin da za ka riƙe: tiyub na gaba da na baya (ka karanta lambar da ke jikin tayarka, wasu 17 ne wasu 18), faci da sholisho, ƙarfen cire taya biyu, famfo, sifana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ke kwance notin tayar baya, sifanar fulogi, filaya, sukudireba, wayar totur, ƙwan fitila, 'yar wayar ɗauri, igiyar roba da tocila. Amma duk wannan nauyi ne kawai in ba ka taɓa cire tayar baya da hannunka ba. Ka gwada sau ɗaya a ƙofar gida bakanike na tsaye. Kuma bayan kowane faci, ka zagaya yatsa a hankali cikin tayar kafin ka mayar da tiyub. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa kan karye a ciki, ka mayar ta sake hudawa kafin ka yi nisa. Inuwar waɗannan itatuwa biyu ba wurin ajiye babur ba ce.

Tambaya: Yaya zan lissafa man da zai ishe ni, kuma man 'yan bumburutu yana ɓata inji kamar yadda ake faɗa? Daga wani ɗan kasuwa a Bajoga.

Amsa: Alhaji, kada ka dogara da abin da mai sayar da babur ya faɗa maka. Ka cika tanki taf, ka yi tafiyar kilomita 100, ka sake cikawa, ka ga lita nawa ya ci. In lita biyu da rabi ce, babur ɗinka na yin kilomita 40 a lita. A burji da yashi da kaya ka ɗauka 30 zai yi. Tafiyar kilomita 180 ke nan lita 6, ka ƙara sulusi a kai, lita 8. Duk garin da ka ga gidan mai yana bayarwa ka cika, ko da rabin tanki ne ya rage. Bayan ka cika ka tuna ka mayar da makunnin mai daga rizab, wato ɗan man ajiya na gindin tanki. Masu mantawa su ne ke tura babur ba tare da gargaɗi ba.

Man bumburutu ba dukansa ne gurɓatacce ba, a ƙauyuka da dama ma shi kaɗai ne ake samu. Ka saya inda 'yan acaɓar garin ke saya, don mai sayar musu da ruwa ba zai kwana biyu a sana'ar ba. Ka ɗaga kwalbar ka duba ta a hasken rana: ruwa ya fi fetur nauyi, a gindi yake kwanciya. Ka shinshina ko da warin kananzir, ka sa a zuba ta mazurari da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a tsiyaye maka ƙarshen jarka. In bayan ka sha mai babur ya fara tari yana ƙin karɓar totur, ka rufe makunnin mai, ka kwance ɗan sukurun da ke gindin kabureta abin da ke ciki ya zube, ka ɗaure ka sake buɗewa. Man guzuri lita 2 zuwa 4 ya isa, a jarka mai murfi mai kyau, ba a cika ta fal ba, a ɗaure ta a gefen da ba na salansa ba. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan takardu, don inda babu sabis babu tiransifa.

Tambaya: Mu goma sha biyu ne, abokai, kowa da mashin ɗinsa. Mun shirya mu fita a jere da rigunanmu iri ɗaya mu ratsa ƙauyukan Alkaleri. Wace shawara za ku ba mu? Daga wasu matasa a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Samari, ku rushe wannan shiri ku sake wani. Ku tsaya a matsayin mutumin ƙauye na minti ɗaya: yana zaune a ƙofar gida ya hango ƙura, babura goma sha biyu a jere, fuskoki a rufe. A wannan zamani wa yake zuwa a haka? Kafin ku buɗe baki ku ce yawon buɗe ido kuka zo, mata sun kwashi yara sun yi daji, 'yan banga kuma sun ɗauko abin da suka ɗauko. Wannan haɗarin ya fi na rami da na yashi.

Babur biyu zuwa huɗu ya isa ayari. Ɗaya ya yi kaɗan, don in ka faɗi babu mai ɗaga ka. Kafin shiga kowane ƙauye ku rage gudu sosai, ku ɗaga gilashin hular kwano, ku sauke ƙyallen da kuka rufe hanci da shi, ku yi sallama ga na farkon da kuka tarar. Kada kowa ya sa tufafi ko jaka mai kalar kakin soja, kada a cire wa salansa bakinta. In za ku daɗe a gari, ko ku hau dutsensa, ko ku ɗauki hoto, ku fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, babbanku ya yi bayani: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Gombe, mun zo ganin dutse ne, muna neman izini da wanda zai raka mu." Ɗan rakiyar ku sallame shi da abin kirki. A shingen jami'an tsaro ko na 'yan sintiri ku tsaya tun da ɗan nisa, ku kashe inji, ku cire hula, waya kuma ta zauna a aljihu.

Kowa ya riƙe lasisin tuƙin babur, wato rukunin A, da takardun mashin, rasidin saye, inshora da katin shaidar ɗan ƙasa, lamba kuma tana manne a inda ake ganinta. Babur marar lamba a hannun baƙo a karkara tambayoyinsa ba sa ƙarewa da wuri. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Game da inda kuka zaɓa: dazuzzukan kudancin Alkaleri da ke iyaka da Filato da Taraba, haka ma dajin Lame-Burra ta ɓangaren Toro da Ningi, an sha fama da 'yan bindiga a cikinsu a shekarun nan. Ba wuraren gwada sabuwar hanya ba ne. Ko ina za ku, ku tambaya a ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumar da kuma tashar 'yan acaɓa a ranar tafiyar, don labarin makon jiya ya tsufa. In mutanen gari suka ce kada ku bi, magana ta ƙare. Ku bar wa wani a gida jerin garuruwan da za ku bi, ku kira shi duk inda kuka samu sabis, kuma kada ku sanar da hanyarku a Facebook sai kun dawo.

Tambaya: Na iya tuƙi a cikin gari, amma da na shiga yashi sai kan babur ya ƙwace min. Ga shi kuma ina son hawa Tula. Daga wani malamin makaranta a Billiri.

Amsa: Malam, tsoro ne ke sa ka saki totur ka damƙi birkin gaba, su biyun kuwa su ke tura nauyi kan tayar gaba ta nutse. Tun kafin ka shiga yashin ka rage gudu ka sa giya ta biyu. Da ka shiga, ka riƙe totur a wuri guda, ka ja jikinka baya, ka sassauta hannuwa ka bar kan ya ɗan yi rawa, idonka can inda za ka fita. In ka ji gaba na neman nutsewa, ƙara wuta kaɗan za ka yi. Yashin in mai tsawo ne ka rage iskar taya da 4 ko 5, ka mayar da ita da zarar ka hau ƙasa mai tauri, in ba haka ba dutse zai matse tiyub da rim ya yi maka huda biyu. Ɗan notin da ke kan bawul kada ka ɗaure shi tam a jikin rim. In taya ta fara zamewa za ka ga bawul ya karkace ka gyara, maimakon ya tsinke daga tushe, abin da faci ba ya magani. In ka kafe, sauka ka riƙe babur a giya ta ɗaya kana tafiya a gefensa. Zama a kai kana wasa da rabin kulochi ƙona shi kawai za ka yi.

Rafi kuwa da ƙafa ake fara shiga. In ruwan ya haura tsakiyar taya, ko yana ture ka a gwiwa, ka jira ko ka nemi samarin wurin su kama maka. Ka ga ta inda mutanen gari ke bi, ka shiga da giya ta ɗaya ba tare da sakin totur ba. In inji ya mutu a cikin ruwa kada ka buga kik, domin ruwa ba ya matsuwa, abin da zai lanƙwashe ƙarfen fistin ne. Ka tura shi tudu, ka cire fulogi, ka yi ta buga kik har ruwa ya daina fesowa ta ramin, ka matse soson iska, ka zubar da abin da ke gindin kabureta, ka shanya fulogi ka mayar. Sannan ka duba baƙin mai: in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a garin farko ka juye shi. Bayan kowane ƙetare ka ɗan taka birki kana tafiya a hankali har ya bushe.

Tula daga Kaltungo ake hawanta, kuma hawan bai kai saukowa wuya ba. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ɗabi'ar nan ta sa babur a firi ko kashe inji a gangara don tsimin mai ita ce ke kai mutane kwazazzabo: duk nauyin ya koma kan birki, ya yi zafi, ka taka ka ji ba komai. Ka bar inji ya riƙe ka, ka riƙa taɓa birkin gaba da na baya tare kana saki, ka gama rage gudu kafin kwana, ka yi hon a duk kwanar da ba ka ganin bayanta. Garken shanu in ya tare hanya ka tsaya gefe ka yi shiru har makiyayi ya wuce da su.

Tambaya: Maigidana yana so ya kai ni Dadin Kowa a bayan babur, ni kuma tsoron hanyar nake ji. Me ya kamata in sani? Daga wata uwargida a Fantami, Gombe.

Amsa: Hajiya, tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba a hanyar Biu, ta dace da fitar farko. Babban abin kiyayewa tufafinki ne. Bakin hijabi, gyale ko abaya in ya sauka ya shiga cen ko sifok, fizgo mutum yake yi ƙasa ta wuya. Ki tattara shi gaba ɗaya ki zauna a kai, ki sa wando a ƙarƙashin zani, ki sa takalmi rufaffe. Zaman gefe guda ya tsaya a kwaltar cikin gari. Inda akwai gargada ki raba ƙafa, kowace a kan matakinta, ki kula da salansa don tana ƙuna ko bayan an kashe inji. In ya kwanta a kwana ki bi jikinsa, kada ki miƙe don gyara shi, kada kuma ki sauke ƙafa ƙasa sai ya ce. Hular kwano biyu za a nema, a ɗaure igiyar a haɓa.

Shi kuma maigida ya ƙara iskar baya zuwa 32, ya sa a ƙara wa shakazoba tauri, ya sani cewa da goyo birki ba ya kamawa da wuri. Yara a bar su a gida, zaman kan tanki ba na doguwar hanya ba ne. Madatsar ruwan Dadin Kowa an kammala ta a 1984 a kan kogin Gongola, kuma wuri ne mai masu gadi, sai ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Kada a yi wanka ko wasa a kwantaccen ruwa da magudanun noman rani saboda tsargiya.

Tambaya: Zan iya zagaya cikin Yankari da babur ɗina in ga giwaye? Daga wani matashi a Misau.

Amsa: A'a. Kallon namun daji a mota ake yin sa tare da ɗan jagora na gandun, a dajin da ya kai murabba'in kilomita 2,244. Aikin babur ya kawo ka ne: daga titin Bauchi zuwa Gombe ka karya a Dindima, kimanin kilomita 29 zuwa ƙofa a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai wasu kilomita 42 cikin daji, don haka ka tuntuɓi hukumar gandun tun kana gida kan yadda za ka ƙarasa da inda za ka ajiye mashin. Ruwan ɗumin da ke ɓulɓulowa a Wikki yana nan a kan digiri 31 rani da damina. Abinci kada ka bar shi a fili, gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar baƙo. Namun sun fi ganuwa da rani, lokacin da suke taruwa a bakin kogin Gaji.

Tambaya: Ɗana da abokansa biyu sun ce za su je duwatsun Kaltungo da babura su kwana a fili. Hankalina bai kwanta ba. In bar su? Daga wani dattijo a Kumo.

Amsa: Baba, ku bar su su je, amma kwanan a yi shi a cikin gari, a masauki ko gidan wanda kuka sani. Ba don komai ba sai don maciji. Yankin ƙasar kububuwa ce, shi ya sa ma aka yi asibiti na musamman na masu saran maciji a Kaltungo, sara kuma ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi. Ku ce musu su sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri, kada su tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin tarin kara, kada su taka ko'ina da dare babu tocila, da safe kuma su zazzage takalmi da hular kwano kafin su sa.

In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin tam da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya jiƙa magani. A cire zobe, agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗora wa ƙafar ko hannun kara don kada ya motsa, a lura da lokacin da abin ya faru. Wanda aka sara ba shi zai tuƙa ba: a sa shi a tsakiya, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shi, ko a nemi mota in da hali, a miƙe asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, zubar jinin ta dasashi ko fitsari kuma takan ɗauki awoyi kafin ta bayyana, don haka a kai shi ko da ya ce ya ji sauƙi.